Jamsetji Tata: Attajirin da ya gina otel ɗin Taj a lokacin da jama'a ke tserewa daga Bombay

A ranar 16 ga watan Disamban 1903 aka buɗe wani katafaren otel a bakin teku a birnin Bombay na ƙasar Indiya, birnin da yanzu ake kira Mumbai. Baƙi 17 kacal ne suka kama ɗaki a ranar farko.

Mai otel ɗin, Jamsetji Nusserwanji Tata, yana da shekara 64 a lokacin, kuma ciwon zuciya ya fara cin ƙarfinsa. Wata biyar bayan buɗewar ya mutu a ƙasar Jamus.

Abu huɗu ne mutumin ya ƙwallafa rai a kansu a ƙarshen rayuwarsa: masana'antar ƙarfe, da cibiyar binciken kimiyya, da tashar samar da lantarki daga ruwa, sai kuma otel. Ukun farko duk bayan ransa suka tabbata. Otel ɗin, wanda a kansa danginsa suka fi yi masa dariya, shi kaɗai ya gani da idonsa.

Yau sama da shekara 120 ke nan Taj Mahal Palace na karɓar baƙi. Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin jar ƙubbarsa a bayan jarumai ko da ba su san sunansa ba. Kada a rikita shi da Taj Mahal na birnin Agra, kabarin da Sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa. Suna kawai otel ɗin ya ara, tsakaninsu akwai tafiyar sama da kilomita 1,000.

Ɗan gidan malamai da ya bi kasuwa

An haifi Jamsetji ranar 3 ga watan Maris na 1839 a Navsari, wani gari da ke jihar Gujarat ta yanzu. Danginsa 'yan al'ummar Parsi ne, zuriyar mutanen da suka yi ƙaura daga Farisa zuwa yammacin Indiya sama da shekara 1,000 da suka wuce suna riƙe da addininsu na Zoroaster, wato waɗanda littattafan Larabci ke kira Majusawa.

Gidansu gidan malaman addinin ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Nusserwanji, shi ya fara kauce wa gadon, ya tafi Bombay neman kuɗi.

Jamsetji ya bi shi yana ɗan shekara 14. Ya shiga kwalejin Elphinstone, ya kammala a 1858, shekara guda bayan babban boren da Indiyawa suka yi wa Turawan Ingila, boren da ya sa gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulkin ƙasar daga hannun kamfanin East India. Tun yana ɗalibi aka yi masa aure da Hirabai Daboo, mahaifiyar 'ya'yansa Dorabji da Ratanji.

Daga makaranta sai harkar mahaifinsa, aka tura shi Hong Kong ya kula da reshen da ke can. Suna kai auduga da ofiyom China, su dawo da ganyen shayi da siliki. Ofiyom abin maye ne da ake tatsa daga wata shuka, shi ne tushen hiroyin. A dokar Turawa ta lokacin cinikinsa ba laifi ba ne, har yaƙi biyu Birtaniya ta yi da China don tilasta mata buɗe masa kasuwa, amma ya lalata rayuwar miliyoyin mutane a can. Manyan gidajen kasuwancin Bombay da dama da shi suka tashi, kuma gidan Tata ya taɓa, ko da yake bai kai manyan dillalan ba. Masu rubuta tarihin yabo kan yi saurin tsallake wannan babin.

Auduga ta ɗaga su, ta kayar da su

A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, audugar da masaƙun Lancashire na Ingila suka dogara da ita ta daina zuwa. Turawa suka juyo Indiya. Farashin auduga ya yi tashin gwauron zabi, kuɗi suka riƙa kwarara Bombay, kowa ya zama ɗan hannun jari, ana kafa bankuna da kamfanoni kamar ana kafa rumfuna ranar kasuwa.

Gidan Tata ya shiga harkar tare da Premchand Roychand, attajirin da ya fi kowa tashe a lokacin. A ƙarshen 1864 aka tura Jamsetji Ingila da takardun kuɗi masu yawa domin ya wakilce su. A 1865 yaƙin ya ƙare, audugar Amurka ta dawo kasuwa, farashi ya rushe, takardun da ke jakarsa suka zama takardar tsire.

Yana da shekara 26, a baƙuwar ƙasa, ga masu bin bashi sun yi masa caa. Bai gudu ba. Ya zauna da su ya baje musu lissafi yadda yake, har suka amince shi da kansa ya kula da sayar da kadarorin kamfanin ana biyansu, suka yanka masa ɗan albashi duk wata. A gida kuwa sai da mahaifinsa ya sayar da gidansa.

Zaman Ingila bai tafi a banza ba. Ya riƙa shiga masaƙun Lancashire yana kallon yadda ake mayar da audugar Indiya zare da yadi, a sake loda ta a jirgi a kai wa Indiyawa su saya da tsada.

Abin da ya tayar da gidan daga karayar arziki kuwa ta Afirka ya zo. A 1867 Birtaniya ta shirya yaƙi da Sarki Tewodros na biyu na Habasha, wanda ya tsare wasu Turawa. Daga Bombay rundunar ta tashi ƙarƙashin Janar Robert Napier, da sojoji kusan 13,000 da dubban dabbobi, har da giwaye. Nusserwanji na cikin 'yan kwangilar da aka ba aikin samar wa rundunar abinci da kaya. A watan Afrilun 1868 sansanin Magdala ya faɗi, Tewodros ya kashe kansa, sojojin suka kwashe kayan tarihin da har yau Habasha ke neman a dawo mata da su. 'Yan kwangilar Bombay kuma suka koma gida da riba mai kauri.

A wannan shekarar ce Jamsetji ya kafa kamfaninsa na ƙashin kansa da jarin rupi 21,000, yana ɗan shekara 29. Daga nan rukunin kamfanonin Tata ke ƙirga shekarunsa, wato mai manyan motocin nan da bas-bas da ke bin titunan Najeriya da Ghana a yau.

Masaƙar da aka gina a fadama

Ya fara da sayen wani injin matsar mai da ya durƙushe a unguwar Chinchpokli a 1869, ya mayar da shi masaƙa, ya sayar da riba bayan shekara biyu. Sai ya sake komawa Ingila ƙaro sani.

Da ya tashi kafa babbar masaƙa kowa ya ɗauka a Bombay zai yi, inda sauran suke. Shi kuwa ya zaɓi Nagpur, can tsakiyar ƙasar, domin nan gonakin auduga suke, ga kwal a kusa, ga layin dogo. Ya sayi wata fadama da araha ya shiga cike ta da ƙasa. An ruwaito cewa wani mai ba da rance a garin ya ƙi sa kuɗinsa, yana ganin ba zai bi mutumin da ke binne zinariya a laka ba, daga baya kuma ya dawo ya amsa cewa ƙasa Tata ya zuba, zinariya ya tono.

An buɗe masaƙar ranar 1 ga Janairun 1877, ranar da aka ayyana Sarauniya Victoria a matsayin mai mulkin daular Indiya, aka sa mata suna Empress Mills. Farkon bai yi daɗi ba, saboda injinan da ya sayo masu arha ne, kuma araha ba ta ado. Ya sauya su, ya rungumi wata sabuwar fasahar kaɗi ta Amurka tun kafin yawancin masaƙun Ingila su yarda da ita, masaƙar ta zama abin kwatance.

A nan ya kafa wa ma'aikata asusun fansho a 1886, ya kuma fara biyan diyyar haɗarin wurin aiki a 1895, tun babu dokar da ta tilasta masa. Ba wai masaƙar aljanna ba ce, a zamanin ma'aikatan masaƙun Indiya na aiki ne daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Amma a cikin masu masaƙun lokacin, kaɗan ne suka damu da abin da zai samu ma'aikaci in ya tsufa ko inji ya cinye masa hannu.

A 1886 ya sayi wata masaƙar da ta daɗe tana asara a Kurla, wadda ta kusa tafiya da shi ƙasa kafin ya tayar da ita. Ita kuma ya sa mata suna Svadeshi, ma'ana ta ƙasarmu. Sunayen masaƙun biyu sun nuna yadda ya yi zamansa: yana kasuwanci a inuwar daular Turawa, yana kuma abota da 'yan kishin ƙasa irin su Dadabhai Naoroji da Pherozeshah Mehta. Yana cikin waɗanda suka halarci taron farko na jam'iyyar Congress a Bombay a 1885.

Ba kullum ya yi nasara ba. A 1893 ya haɗa kai da wani kamfanin Japan domin karya babakeren da kamfanin jiragen ruwa na P&O ya yi wa jigilar kaya zuwa gabas. P&O ya karya farashi har ƙasa, Jamsetji ya tafka asara ya rufe layin.

Labarin mai gadin Watson's

Duk wanda ya je yawon buɗe ido Mumbai zai ji wani labari daga bakin masu yi wa baƙi jagora. Wai wata rana Jamsetji ya je otel ɗin Watson's, mai gadi ya tare shi a ƙofa saboda ba a barin Indiyawa su shiga, shi ne ya sha alwashin gina wanda ya fi shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Wariyar launin fata a Bombay ta wancan zamani ba a ɓoye take ba. Kulob-kulob na Turawa, irin su Royal Bombay Yacht Club da ke maƙwabtaka da inda Taj yake, ba sa karɓar Indiyawa komai sarautarsu ko dukiyarsu. Watson's ɗin ma akwai shi, kuma shi ne otel mafi daraja a birnin a lokacin. A Ingila aka ƙera ƙarafansa aka kawo su a jirgi aka harhaɗa, kuma a cikinsa aka fara nuna fim a tarihin Indiya, ranar 7 ga Yulin 1896, lokacin da wakilin 'yan uwan nan Lumière na Faransa ya zo da na'urarsu. Ginin na nan har yanzu da sunan Esplanade Mansion, ya tsufa ya lalace.

Sai dai masu binciken tarihi da dama ba su gamsu da labarin ba. Marubuci Charles Allen, wanda ya yi littafi kan tarihin Taj tare da masaniyar tarihin Bombay Sharada Dwivedi, na cikin waɗanda suka yi watsi da shi. Masu ba da labarin ma ba su daidaita kan otel ɗin ba, wasu su ce Watson's, wasu su ce Apollo. Lovat Fraser, editan jaridar Times of India wanda ya san Jamsetji, ya rubuta cewa mutumin ba shi da sha'awar zama mai otel, burinsa ya jawo baƙi Indiya ya kuma ɗaga darajar Bombay.

Ko an duba halinsa ma labarin bai zauna ba. Mutumin da ya auna nisan gona da kwal da layin dogo kafin ya kafa masaƙa ba zai zuba dukiyarsa a bakin teku don huce haushin mai gadi ba. Labarin na da daɗin ji, amma ya rage masa tsawo. Halin da Bombay ke ciki a shekarar da ya karɓi filin ya fi bayyana dalilinsa.

Birnin da annoba ta watsa

A watan Satumban 1896 wani likita mai suna Acacio Viegas ya gano cutar ɗa'un a unguwar Mandvi, kusa da tashar jiragen ruwa da rumbunan hatsi. Cuta ce da ƙuman jikin ɓeraye ke yaɗawa, takan zo da zazzaɓi mai zafi da kumburin kaluluwa, kuma a lokacin yawancin waɗanda ta kama ba sa tashi.

Birnin na da mutum sama da 800,000. Cikin 'yan watanni ɗaruruwan dubbai suka tsere ƙauyuka. Masaƙu suka rasa ma'aikata, kasuwanni suka mutu, ƙasashen Turai suka fara ƙyamar kaya da jiragen da suka taso daga Bombay. A 1897 gwamnatin mulkin mallaka ta dakatar da tafiyar alhazai daga Indiya, ta kuma kafa dokar annoba da ta ba jami'ai ikon kutsawa gidaje su fitar da marasa lafiya da ƙarfin tsiya, abin da ya jawo tarzoma. Wannan dokar ta 1897 ce gwamnatin Indiya ta sake ɗaukowa lokacin korona a 2020.

Wani masanin ƙwayoyin cuta ɗan asalin Odessa, Waldemar Haffkine, ya haɗa allurar riga-kafi a Bombay, ya fara gwada ta a jikinsa a Janairun 1897. Jama'a na tsoronta. Jamsetji ya miƙa hannu aka yi masa, ya sa aka yi wa mutanen gidansa, ya kuma riƙa jan hankalin abokai da ma'aikata su yi.

Annobar ba ta tafi ba, ta riƙa dawowa shekara bayan shekara. Ana cikin haka, a 1898, ya karɓi hayar fili daga hukumar tashar jiragen ruwa a Apollo Bunder, wurin da aka cike teku aka samar, ya sa aka fara haƙa harsashin gini mai zurfin ƙafa 40. Tun da aka buɗe mashigin Suez a 1869 Bombay ta zama ƙofar Indiya ga masu zuwa daga Turai, amma matafiya sun daɗe suna kukan rashin masauki na kirki. Yanzu kuma ga sunan birnin ya haɗu da cuta. Lissafin Jamsetji shi ne, idan ba a ba baƙi dalilin dawowa ba, ciniki ma ba zai dawo ba, kuma shi yana cikin manyan masu filaye da gidaje a birnin. Kishi da riba a hanya ɗaya suka haɗu.

Gidan tuwo-tuwo

Abokan kasuwancinsa ba su yi na'am ba, don haka daga aljihunsa ya ɗauki nauyin aikin. An ruwaito cewa 'yan uwansa mata sun yi masa tsiya, suna mamakin yadda mutumin da ke shirin kafa cibiyar kimiyya da masana'antar ƙarfe zai ɓuge da buɗe gidan tuwo-tuwo. Ba abin mamaki ba ne. Ko a ƙasar Hausa dattijon gidan malamai ya ce zai buɗe otel, sai an yi taron dangi.

Indiyawa biyu ne suka zana ginin, Sitaram Khanderao Vaidya da D. N. Mirza. Vaidya ya mutu a 1900 aiki bai kammala ba, wani Bature mai suna W. A. Chambers ya ƙarasa. Ɗan kwangilar, Sorabji Ruttonji, Parsi ne. Ginin ya gauraya salon Musulmin Andalus da na Indiya da na Turai, ga ƙananan ƙubbobi a kusurwoyi, ga babbar a tsakiya mai tsawon ƙafa 240 daga ƙasa. Ita ce abin da matafiyi ya fara hangowa daga jirgin ruwa, kuma matuƙa sun daɗe suna amfani da ita wajen gane hanyar shiga tashar.

Kayan ciki kuwa da kansa ya bi biranen Turai yana zaɓa. Na'urorin hawa bene daga Jamus, fankoki daga Amurka, ɗakunan wankan surace irin na Turkiyya, manyan hadimai daga Ingila. Ginshiƙan ƙarfen da ke riƙe da babban zauren taro daga Paris aka kawo su. Otel ɗin na da injin lantarkinsa, da injin ƙanƙara, da na wanki, a lokacin da yawancin gidajen birnin ke kwana da fitilar kananzir. Tsafta da iska da ya dage a kansu ba ado ba ne kawai ga birnin da ɓeraye suka jefa a makoki.

Akwai wani labarin da ake yawan bayarwa, wai magina sun juya ginin gaba ya koma baya, mai zanen ya dawo ya gani ya faɗo daga bene don baƙin ciki. Wannan ma ƙanzon kurege ne. Da gangan aka sa babbar ƙofa ta kalli gari, wajen da wurin ninƙaya yake a yau, domin yawancin ɗakuna su samu kallon teku da iskarsa.

Abin da ya bambanta Taj da kulob ɗin da ke gefensa shi ne ƙofarsa a buɗe take ga Ba'indiye da Bature, muddin mutum zai iya biya. Sarakunan Indiya ne suka fara mayar da shi gida. Duk da haka shekarun farko asara ya riƙa yi, mutanen gari na kallonsa a matsayin ƙarfen ƙafa ga iyalan Tata.

Abin da bai gani ba

Yana gina otel yana fama da sauran burikan. Tun 1892 ya kafa asusun tura Indiyawa karatu ƙasashen waje, kuma mata masu karatun likita na cikin waɗanda suka fara amfana. Shekaru bayan haka K. R. Narayanan, wanda ya zama shugaban Indiya, da wannan asusun ya yi karatu a Landan.

A 1898 ya yi alƙawarin kadarori na rupi miliyan uku domin kafa cibiyar binciken kimiyya. Wakilin Sarauniya a Indiya, Lord Curzon, ya yi ta jan ƙafa, yana shakkar ko za a samu ɗalibai, da kuma aikin da za su yi in sun gama.

Batun ƙarfe kuwa ya shafe shekara 20 yana bin sa. A 1902, jiki ya riga ya yi rauni, ya tafi Amurka ya zaga masana'antun Pittsburgh, ya shawo kan injiniya Charles Page Perin ya zo Indiya neman tama. A wasiƙar da ya rubuta wa ɗansa Dorabji a shekarar ya tsara garin da yake so a gina wa ma'aikata: tituna masu faɗi da itatuwan inuwa, filayen wasa, a kuma ware wa Hindu wuraren bauta, Musulmi masallatai, Kirista coci-coci. A lokacin ko wurin da za a kafa masana'antar ba a samu ba.

Bayan buɗe Taj likitoci suka ba shi shawarar tafiya Turai. Ya mutu ranar 19 ga Mayun 1904 a Bad Nauheim, garin da masu ciwon zuciya ke zuwa jinya a Jamus, yana da shekara 65. An binne shi a sashen 'yan Parsi na maƙabartar Brookwood da ke kusa da Landan. Ɗan uwansa R. D. Tata na gefensa a kwanakin ƙarshe, kuma wata biyu bayan nan aka haifa masa ɗa a Paris, J. R. D. Tata, wanda daga baya ya shugabanci kamfanin sama da shekara 50.

Dorabji da sauran suka ɗora. Da masu kuɗin Landan suka ƙi sa jari a masana'antar ƙarfe, sai aka nemi na gida a 1907, cikin mako uku Indiyawa kusan 8,000 suka sayi hannun jarin gaba ɗaya. Ƙarfen farko ya fito a 1912 a ƙauyen Sakchi, wanda aka sauya wa suna zuwa Jamshedpur a 1919 domin girmama shi. An kafa cibiyar kimiyyar a Bangalore a 1909, a filin da Sarkin Mysore ya bayar. Wutar tashar Khopoli ta iso Bombay a 1915.

Asibiti, siyasa, da kwana uku na wuta

Taj ya girmi ƙofar tarihin nan ta Gateway of India da ke gabansa da shekara 21, domin sai 1924 aka kammala ta. A yaƙin duniya na farko an mayar da otel ɗin asibiti mai gado 600. 'Yar gwagwarmaya Sarojini Naidu ta shafe shekaru tana zaune a cikinsa, ɗakinta ya zama majalisar 'yan neman 'yanci. Ruttie, matar Muhammad Ali Jinnah wanda ya kafa Pakistan, a nan ta yi kwanakinta na ƙarshe a 1929. A watan Fabrairun 1948 rukunin ƙarshe na sojojin Birtaniya ya yi fareti ya fice ta Gateway, a gaban tagogin otel ɗin. A 1973 aka ƙara masa dogon bene a gefe.

Daren 26 ga Nuwamban 2008 'yan bindiga goma na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka shigo Mumbai ta teku daga Pakistan, suka kai hari wurare da dama, suka kashe mutum 166. Huɗu daga cikinsu sun shafe kusan sa'a 60 a cikin Taj suna harbi suna cinna wuta. Hoton hayaƙi na tashi a gefen jar ƙubbar ya zagaya duniya.

Mutum 31 ne suka mutu a otel ɗin, sama da goma daga cikinsu ma'aikata ne. Sun san kowace ƙofar baya, za su iya ficewa tun a sa'ar farko, amma da yawa suka tsaya. Masu kula da layukan waya sun riƙa kiran ɗakuna suna gaya wa baƙi su kulle ƙofa su kashe fitila. Masu dafa abinci sun yi wa baƙi garkuwa da jikinsu lokacin da ake fitar da su ta kicin, a nan aka harbe da dama. Babban manajan otel ɗin ya ci gaba da jagorantar aikin ceto bayan ya samu labarin matarsa da 'ya'yansa biyu sun mutu a hawa na shida. Wannan ne aka mayar fim ɗin Hotel Mumbai na 2018, wanda Dev Patel da Anupam Kher suka fito a ciki.

Ratan Tata, shugaban kamfanin a lokacin, ya tsaya a bakin titi yana kallon ginin na ci da wuta. An sake buɗe dogon benen ranar 21 ga Disamban 2008, ƙasa da wata guda bayan harin. Tsohon ginin kuwa sai a Agustan 2010 aka kammala gyaransa, kuma a Nuwamban shekarar Shugaban Amurka Barack Obama ya sauka a ciki.

A harabar otel ɗin akwai wurin tunawa da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu. Mutum-mutumin Jamsetji kuma, da doguwar hularsa ta 'yan Parsi da cikakken gemunsa, yana kan babbar matattakalar da ke ƙarƙashin ƙubbar, inda baƙi ke wucewa in za su hau ɗakunansu.